Ranar da Barista Ya Zauna a Kan Injin Isuhu

Ku da kuka zo ofishin nan daga baya, kun tarar da Barista Mansur da furfura da tumbi, ko tari ba kwa iya yi a gabansa. Ni kuwa duk abin da tsufa zai goge mini, ba zai goge ranar da na ga mutumin nan daga shi sai singileti da wando, jiƙe sharkaf, zaune a kan ganga mai zafi a tsakar gidana, rabin unguwa na kallonsa ba. Ya yarda in ba ku labarin, da sharaɗin kada in ƙara gishiri. Ban yi masa alkawari ba.

Sunana Talatu. Aikina a ofis shara ne, da goge tebura, da shayi, da abincin rana. Yadda tsarin yake a lokacin, Barista ne a sama, sai ƙaramin lauya mai zuwa kotu, sai akawu mai buga takardu, sai masinja, sai ni a can ƙasan tukunya. Amma duk cikinsu ni kaɗai ce na taɓa goya mai ofishin a baya. Katanga ɗaya ta raba gidanmu da na iyayensa a nan Daura, don haka a ofis yake Barista. In ya ɓata mini rai, Mansur ne.

Tun yana ƙarami ba a ajiye abu mai noti a gabansa. Rediyon babansa, agogon bango, fitilar hannu, duk sai ya ga hanjinsu. In an biyo shi da bulala, ɗakina yake faɗowa ya shige ƙarƙashin gado. Da ya girma ya tafi Zariya ya karanto aikin injiniya, ya kama aiki a wata masana'anta a Kaduna. A can ya ƙirƙiro wata dabara da ta hana injinansu yawan tsayawa. Manya suka tafa masa, suka ba shi kyautar bargo. Bayan wani lokaci sai ya ga dabarar tasa a cikin wata takarda, da sunan wani daban a kanta. Ya je ya yi magana, aka tambaye shi ina shaidarsa. Haushin wannan ne ya mayar da shi makaranta da gemunsa, ya karanta aikin lauya, ya yi shekaru a Legas a ƙarƙashin wani tsohon lauya wanda ba ya komai sai rajistar ƙirƙira. Da ciwon mahaifinsa ya yi tsanani ya tattaro ya dawo gida, ya buɗe ofis, aikinsa na Legas da Kano yana biyo shi ta waya.

An yi 'yan shekaru da ƙaddamar da Shari'a a lokacin, kowa ya zama masanin kotu. Tsofaffi sukan tare ni a hanya: "Talatu, yaron nan a wace kotu yake tsayawa, ta alƙali ko ta majistare?" In ce ba ya tsayawa a ko ɗaya, zane yake yi. Mahaifiyarsa ma takan ce, "An ce ɗana lauya ne, ni dai ban taɓa jin wanda ya fitar daga gidan yari ba." Masu rikicin gona da na gado in sun zo, ƙaramin lauya ake tura musu. Barista kuwa suka sa masa suna lauyan ƙarafa.

Ga aikin nasa, yadda kunnena ya ɗebo shi ina shara. In mutum ya ƙirƙiro abin da ba a taɓa yi ba, Barista zai kwance abin ya gane shi sarai. Sannan ya bincika ko wani a duniya ya riga shi. In babu, sai ya zana kowane ƙarfe, ya rubuta wane ɓangare ne sabo, ya kai ofishin rajista a Abuja. Daga ranar da suka karɓa suka buga hatimi, abin ya zama na mai shi, duk mai son ya ƙera irinsa sai ya nemi izini. Amma akwai ƙaya guda. In jama'a suka ga yadda abin yake aiki kafin wannan hatimi, ya zama na kowa, kamar ruwan rijiyar bakin hanya.

Da kaka ne, an gama yankan gero, Isuhu mai walda daga Sandamu ya zo da wani abu a bayan akori-kura, an lulluɓe shi da buhuna. Siriri ne, mai yawan sunkuyar da kai, in ya yi magana sai ka matso. Abin da ya ƙera injin surfe ne wanda ba ya buƙatar wutar lantarki. Ganga ce ta ƙarfe mai murfi a sama, an ɗaure murfin da notuna. Sai a kafe babur, a sa bel daga tayar baya zuwa jikin gangar, a murɗa totur. Gero ya shiga ta nan, tsaba ta fito ta can, dusa ta bi wani bututu daban. Ba taɓarya, ba bakace. Ni da na tsufa a bakin turmi, da na ga tsabar, sai da na yi salati.

Barista ya kwance murfin ya leƙa ciki, ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago ya ce, "Malam Isuhu, wa ya gani?"

"Ba kowa, yallaɓai. Sai Binta." Matarsa ke nan.

"To kada ma Binta ta sake gani har in dawo daga Abuja."

Sai maganar inda za a ajiye shi. Garejin Isuhu a bakin titi yake. Ofis kuwa kamar tasha, ba a rasa mai shigowa. Barista ya juyo ya dube ni.

"Inna Talatu, ɗakin nan na gidanki da ba kowa."

Na ce, "Mansur, duk Daura ka rasa wanda za ka ba ajiyar asiri sai ni? Ni da ko mafarki na yi sai na ba maƙwabta labari kafin in karya?"

Ya ce ba bakina yake dubawa ba, ƙofata yake dubawa. Ni gwauruwa ce, gidana a ƙarshen lungu, daga ofis sai gida, ba na zuwa ko'ina. Masu iya satar fasahar kuwa maƙera ne da 'yan walda, duk maza, kuma namiji ba ya shiga gidan mace sai da sallama da izini. Dabarar ta yi kyau a baki. Abin da injiniya kuma lauya ya manta shi ne mata ba sa neman izini.

Aka kai injin, na rufe shi da tsohon zanen gado, na sa kwaɗo. Kafin rana ta faɗi maƙwabta sun san akwai abu a ɗakin. Wannan ta zo aron rariya, idonta na kan kwaɗon. Waccan ta zo ɗibar garwashi alhali hayaƙi na tashi a murhunta. Da suka ga na ƙi magana, ni Talatu, sai suka yanke hukunci da kansu: lefe ne, aure zan yi, kunya nake ji. Har miji suka zaɓa mini, wani tsoho mai sayar da goro da ya rage haƙori biyu. Na bar su a kan haka. In an ce, "Amarya, yaushe za a buɗe mana kaya?" sai in rufe fuska da gyale in yi dariya. Allah kaɗai ya san wahalar da na sha. Magana ta cika mini ciki har abinci ya daina shiga.

Barista yana zuwa da rana, ya kulle kansa a ɗakin yana awo yana zane. Ya ce saura kaɗan.

Ran nan da hantsi ban je ofis ba, gwiwata ta tashi. Sai ga sallamar Hajiya Mairo. Ita ce mahaifiyar Binta, wato surukar Isuhu, kuma aminiyar mahaifiyar Barista tun suna 'yan mata. Mace ce mai jiki da murya, ba ta taɓa neman abu sau biyu ba. A bayanta ga Isuhu yana turo babur, an ɗaura masa buhun gero. Da ya shigo ya cire takalmi ya durƙusa can gefen bango, kansa a ƙasa.

Binta ce 'yar farinta, don haka Hajiya ba ta kallon Isuhu balle ta kira sunansa. Ni ta duba.

"Talatu, bikin autata ya matso. Injin unguwarmu ya lalace, na kasuwa kuwa layi har bakin titi. Na ji an ce wani ya ƙera abin surfe ya ɓoye a ɗakinki. Gaya masa ya fito da shi."

Na juya ga Isuhu, wanda ke jin komai da kunnensa. "An ce ka fito da shi."

"To," in ji Isuhu, yana magana da ƙasa.

Na ce, "Isuhu, ka manta abin da Barista ya ce?"

"Ban manta ba, Inna." Ya ƙara sunkuyar da kai. Gumi na ɗiga daga hancinsa. Na san ko injin nan zai zama na duk duniya kafin azahar, bakin mutumin nan ba zai iya ce wa surukarsa a'a ba.

Na ce makulli na wajen Barista. Gaskiya a ƙuguna yake, amma na kira shi a waya na ce ya zo ko ba takalmi.

Ya iso da babbar rigarsa fara, da fuskar da yake yi wa manyan kamfanoni. Yana ganin wadda ke zaune a kan tabarma, fuskar ta narke. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa kusa da Isuhu. Na dube su, lauya da mai walda, kamar yara biyu da suka fasa tulu.

"Mansuru, ashe kai ne mai makulli."

"Ranki ya daɗe, ba hana ki aka yi ba. Doka ce ta ce kada jama'a su gani sai an kai Abuja."

"Abuja ce za ta yi mini tuwon biki?"

"A'a, ranki ya daɗe."

"Wato mijin 'yata ya ƙera abin surfe, ni kuma in koma bakin turmi da wannan bayan nawa, don wani mai hatimi bai san da zamana ba. Haka aka koya maka a Legas?"

Barista ya yi bayani mai tsawo, irin wanda in alƙali ne da ya gamsu. Hajiya ta saurara tana cin goro. Da ya gama ta ce, "Ka gama? To a fito da shi."

Nan ya kawo dabara. Ya ce doka ba ta hana a yi aiki da injin a ɓoye ba. A shigar da babur ɗakin, Isuhu ya kulle kansa ya yi surfen, a buɗe taga saboda hayaƙi. Hajiya ta samu tsabarta, ba wanda ya ga komai. Ta ce ita tsaba take so, ko a cikin rijiya za a yi.

Aka tura babur ciki. Isuhu ya sa sakata. Ya tayar, ya murɗa totur.

Ɗakin ƙasa ne mai rufin kwano. Ƙarar da ta tashi sai ka ce jirgi ne ya sauka a gidan. Ba a jima ba hayaƙin salansa ya haɗu da ƙurar dusa, suka fara turnuƙowa ta taga, baƙi da fari, suna haye katanga. Na ji wata maƙwabciya ta kurma ihu daga gidanta: "Gobara! Gobara a gidan Talatu! Lefe zai ƙone!"

Ku da kuka taso a garin nan kun sani, abu ɗaya ne ke shigar da namiji gidan da ba nasa ba babu sallama. Kafin in buɗe baki, ƙyauren zaure ya bugi bango. Maza da bokitai, mata da tukwane, wasu ta ƙofa, wasu ta katanga. Barista ya miƙe ya ware hannuwa yana cewa, "Ba wuta ba ce! Jama'a, ku tsaya!" Bokitin farko a ƙirjinsa ya sauka. Aka ture shi gefe, aka sa kafaɗa aka karya ƙofar ɗakin, aka yi ta sheƙa ruwa. Wasu suka ɗauko Isuhu, wanda hayaƙi ya riga ya jigata, suka shimfiɗe shi a inuwa ana yi masa fifita. Wasu ƙarti kuma, don su ceci dukiya, suka kinkimo gangar da babur ɗin da bel ɗinsa suka dire a tsakiyar tsakar gida.

Sai kowa ya tsaya yana kallo. Ba wuta. Ba lefe. Ga ganga, ga bel, ga tsaba fara tas a cikin kwarya, ga dusa a gefe.

Hajiya Mairo ta miƙe, ta gyara mayafi. Ita da ba ta iya kiran sunan Isuhu, ranar alfahari ya ci ƙarfinta. "Injin surfe ne. Mijin 'yata ne ya ƙera da hannunsa. Babur kawai ake sa masa."

Mata suka yi ta guɗa. Na dubi Barista, na ga ya lumshe ido.

Cikin masu kashe gobarar akwai Ɗanjuma, mai walda a bakin tasha, mutumin da in ya kalli ƙofar gidanka sau ɗaya gobe za ka ga irinta a garejinsa. Ya zagaya gangar, ya tsuguna ya kalli bel, ya miƙe. Sai ya zaro sifana daga aljihu.

"Ruwa ya shiga ciki," ya ce. "In ba a buɗe an shanya ba, tsatsa za ta cinye shi. Bari in taimaka."

"Buɗe, ɗan albarka," in ji Hajiya. "Sauran gerona na ciki, kada ya jiƙe ya yi tsami."

Isuhu na kwance bai san inda yake ba. Ɗanjuma ya ɗora sifana a kan notin farko.

Ban san Barista na da sauri haka ba. Ya tuɓe jiƙaƙƙiyar babbar rigar da 'yar cikinta, ya yafa wa gangar, ya ɗare kan murfin ya zauna daram. Ƙarfen nan kuwa ya sha juyi, ruwan da aka watsa masa ma tururi yake yi. Na ga idonsa ya fito, na ga jijiyar wuyansa ta miƙe. Bai motsa ba.

"Yallaɓai, ɗan ɗaga," in ji Ɗanjuma.

"Na gode, Malam Ɗanjuma. Nan ya yi mini."

Hajiya ta matso. "Mansuru, tashi."

Ba a ce wa Hajiya Mairo a'a, shi ma bai ce ba. Ya sunkuyar da kai cikin ladabi ya ce, "Ranki ya daɗe, ƙafata ce ta riƙe."

"Ƙafarka ta riƙe a kan gerona?"

"Ikon Allah ne, ranki ya daɗe."

"Zan gaya wa uwarka."

"Ki gaya mata ina gaishe ta."

Mutane suka fara ƙunshe dariya. Ba mai iya kama lauya ɗan manyan gida ya jawo shi ƙasa, shi kuma ya ƙi sauka. Gumi da ruwa na zuba daga jikinsa, yana ɗan gyara zama daga wannan gefe zuwa wancan kamar mai gasa masara. Sai Allah ya kawo kiran sallar azahar. Na samu bakin magana, bakin da na daɗe ina ɗaurewa.

Na ce, "To, maza, Allah ya saka da alheri. Wuta ta mutu, sallama ta dawo. Duk wanda ba shi ya biya sadakina ba, ga hanya. Ɗanjuma, har da kai da sifanarka, liman na jira."

Suka fita suna dariya. Ɗanjuma ne na ƙarshe, yana tafe yana waiwaye. Matan kuwa na ce tunda sun taru ganin lefe ba su samu ba, kowacce ta je ta ɗauko turminta. A tsakar gidana muka surfe geron Hajiya da hannu, muna yi muna waƙa, ita tana zaune tana ba da umarni, ko kallon gefen Barista ba ta yi. Sai da aka mayar da gangar ɗaki aka gyara ƙofa sannan ya yarda aka kai shi wurin mai magani. Ya yi kwanaki ba ya zama. A tsaye ya ƙarasa zanen, a kife kuma ya tafi Abuja a kujerar baya.

Kafin ya tafi ya kira Isuhu ofis, ina goge tebur ina ji. Ya ce masa maganar haɗa injin da babur ta tafi, jama'a sun gani, ba zai rubuta ta a cikin abin da suke nema ba.

Isuhu ya ce, "Yallaɓai, wa zai sani a Abuja?"

"Rabin Daura sun sani, ni ma na sani. Ranar da aka je kotu, wannan ƙaryar za ta ja sauran ta nutse da su. Amma kwantar da hankalinka. Bel da taya kowa zai iya. Abin da ka ƙirƙiro yana cikin gangar, yadda ka jera ƙarafan da ke cire dusa ba su fasa tsaba ba. Wannan ba wanda ya gani."

Haka kuwa aka yi. Kafin wata kakar, Ɗanjuma da 'yan uwansa sun cika gari da ganguna masu bel. In ka zuba musu gero, sai su ba ka tsaki haɗe da dusa, abincin kaji. Takardar Isuhu ta fito da sunansa a kan abin da ke cikin gangar, har wani mai masana'anta ya taso daga Kano ya zauna a kujerar baƙi ta ofishin nan yana neman izini. Ni na kai masa shayi. Hajiya Mairo ta yi watanni ba ta amsa gaisuwar Barista, daga baya aka shirya.

Abin da na koya a wannan aiki shi ne, littattafan dokar da ke cikin kabad ɗin can duk ɓarawo suke tsoro. Mu a nan ba ɓarawo ne ke fitar da asirin mai ƙirƙira ba. Mutanen da ke ƙaunarsa ne, waɗanda za su karya ƙofa don su cece shi, da waɗanda ba ya iya ɗaga ido ya kalla. Ba za ka iya kai su kotu ba, gobe su ne za su zo maka jaje. Kuma lauyan da bai san ƙarfe ba, da a kan babur zai zauna ya bar gangar.

Shi ya sa in sabon mai ƙirƙira ya shigo, za ku ji Barista ya tambaye shi sunansa da garinsu da abin da ya ƙera. Sannan ya ajiye biro, ya dube shi da kyau, ya ce, "Malam, surukarka tana da rai?" Kada ku yi dariya a gaban baƙo. Tambayar aiki ce.